Rudolf Virchow: Likitan da ya hango alaƙar kumburi da ciwon daji

A shekarar 1863 wani likita Bajamushe ya lura da tarin fararen ƙwayoyin jini a cikin tsokar ciwon daji, ya kuma bayyana ra'ayin cewa cutar kan samo asali ne a wurin da kumburi ya daɗe bai warke ba.

Wannan likita shi ne Rudolf Virchow.

An haife shi ranar 13 ga watan Oktoba na 1821 a garin Schivelbein, wanda yanzu yake cikin ƙasar Poland. Ya kammala karatun likita a Berlin a 1843, sannan ya kama aiki a asibitin Charité.

Likita ɗan siyasa

A 1848 gwamnati ta tura shi yankin Silesia ta Sama domin binciken annobar zazzaɓin taifus, wanda kwarkwata ke yaɗawa.

Rahoton da ya rubuta bai yi wa mahukunta daɗi ba, domin ya ɗora alhakin annobar a kan talauci da yunwa da jahilci, ya kuma nemi a bai wa talakawa ilimi da 'yanci.

Shigarsa juyin juya halin wannan shekara ta sa ya rasa muƙaminsa, ya koma Jami'ar Würzburg a 1849. Sai a 1856 ya dawo Berlin.

A 1858 ya wallafa littafin da ya nuna cewa cuta tana farawa ne daga ƙwayoyin halittar jiki, abin da ya sauya fasalin ilimin likitanci.

Daga baya ya zama ɗan majalisa kuma babban mai adawa da Otto von Bismarck, wanda a 1865 ya ƙalubalance shi zuwa fito-na-fito da makami. Virchow ya ƙi.

Darasi daga hanta

An shafe fiye da shekara ɗari ba a bai wa ra'ayinsa kan kumburi muhimmanci sosai ba, amma binciken zamani ya gaskata shi, musamman a kan hanta.

Akasarin ciwon dajin hanta yakan biyo bayan kumburi na shekara da shekaru, sakamakon cutar hanta nau'in B ko C, ko shan barasa.

Sojojin garkuwar jiki da ke yaƙar cutar sukan saki sinadarai masu ingiza hanta ta yi ta sabunta ƙwayoyinta, har wasunsu su lalace su rikiɗe zuwa daji.

Wannan ne ya sa likitoci ke ɗaukar rigakafin nau'in B, wanda ya yaɗu a Afirka ta Yamma, a matsayin kariya daga ciwon daji.

Sai dai Virchow ma ya yi kuskure, inda ya daɗe yana shakkar rawar da ƙwayoyin cuta ke takawa wajen haddasa rashin lafiya.

Ya rasu a Berlin ranar 5 ga watan Satumba na 1902 yana da shekara 80, watanni bayan ya karye a cinya lokacin da yake sauka daga jirgin ƙasa na cikin gari.