Larbi Ben Barek, Baƙin Lu'ulu'un ƙwallon ƙafa

1. Yaron Kazablanka

Yara, ku buɗe taswirar Afirka. Ku ɗora yatsa a kan ƙasarmu, ku bi arewa, ku ƙetare hamada, sannan ku karkata yamma har bakin teku. Nan ne ƙasar Maroko. Babban birninta na ciniki shi ne Kazablanka. A wannan birni aka haifi Larbi Ben Barek. Da larabci sunansa Al'arabi ɗan Mubarak.

Wasu littattafai sun rubuta cewa an haife shi a 1914, wasu kuma sun rubuta 1917. Dalili kuwa shi ne a zamanin nan ba a cika yi wa ƴaƴan talakawa takardar haihuwa ba. Ko a nan wajenmu akwai tsofaffi da yawa da ba su san ainihin shekarunsu ba.

Tun daga 1912 Faransa ke riƙe da mafi yawan ƙasar Maroko. Akwai sarki a kan gadonsa, amma iko yana hannun Turawa. Iyayen Larbi talakawa ne, kuma mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami. Da ya ɗan tasa sai ya shiga koyon aikin kafinta don ya taimaki gida. In an tashi daga aiki, sai ya ruga fili wajen abokansa. Ba su da takalma, ba su da riguna iri ɗaya. Da ƙafa tsirara suke buga ƙwallo cikin ƙura har rana ta faɗi. A wannan fili ya koyi tare ƙwallo, da yanke abokin hamayya, da miƙa wa ɗan'uwansa ita daidai inda yake bukata.

2. Daga unguwa zuwa babban fili

A 1934 Larbi ya shiga wata ƙaramar ƙungiya ta birninsu mai suna Idéal Club. Bai daɗe ba sai babbar ƙungiyar Kazablanka, wato US Marocaine, ta ɗauke shi. A tsakiyar fili yake wasa, kusa da masu kai hari. Shi ke shirya wa abokansa ƙwallo, shi ma yana ci da kansa.

A 1937 wata ƙungiyar ƴan wasan Faransa ta zo Kazablanka, ta kara da zaɓaɓɓun ƴan wasan Maroko. Larbi yana cikinsu. Baƙin sun yi nasara, amma da suka koma gida labarin wannan saurayi suka riƙa bayarwa. A 1938 ƙungiyar birnin Marsai, Olympique de Marseille, ta kira shi. Ya shiga jirgin ruwa, ya ƙetare teku, ya sauka ƙasar da bai san kowa ba. Daga ranar nan ƙwallo ta zama sana'arsa, ana biyansa albashi kamar kowane ma'aikaci.

Mutanen Marsai sun so shi nan da nan. A shekararsa ta farko ƙungiyarsu ta zo ta biyu a gasar Faransa. Ƴan jarida suka sa masa suna la Perle noire, wato Baƙin Lu'ulu'u.

3. Rigar Faransa

A lokacin nan ƙasashen Afirka da ake yi wa mulkin mallaka ba su da ƙungiyar ƙasa da za ta shiga gasar duniya. Ɗan Afirka in ya gwanance, sai dai ya sa rigar ƙasar da ke mulkinsa. Tun 1931 Raoul Diagne, wanda mahaifinsa ɗan Senegal ne, ya zama baƙar fata na farko da ya yi wa Faransa wasa. Larbi ya bi bayansa.

Ran 4 ga watan Disamba 1938 ya sa rigar Faransa karo na farko. An yi wasan a birnin Napoli, da Italiya, wadda ta ci kofin duniya a wannan shekara. Ƴan kallo sun yi ta yi wa baƙin ihu. Italiya ta ci 1 da 0. Duk da haka an ga ƙwazon Larbi, aka sake kiransa a wasannin da suka biyo baya.

Ga abin mamaki, yara: Larbi ya yi wa Faransa wasa sau 17, ya ci mata ƙwallo 3, amma bai taɓa zama ɗan ƙasar Faransa ba. Ɗan Maroko aka haife shi, ɗan Maroko ya mutu.

4. Yaƙi ya cinye shekaru shida

A watan Satumba 1939 yaƙin duniya na biyu ya ɓarke. Aka dakatar da babbar gasar Faransa. Larbi ya koma Kazablanka, ya sake sa rigar US Marocaine. Ya yi shekaru shida a gida, yana cin kofuna tare da ƙungiyarsa.

Ƙarfin ɗan wasa ba ya daɗewa. Kamar damina yake, in ta wuce ba a mayar da ita. Waɗannan shekaru shida su ne lokacin da Larbi ya fi ƙarfi da sauri, kuma ya yi su nesa da manyan filayen Turai. Gasar kofin duniya ta 1942 da ta 1946 ba a yi su ba saboda yaƙi. A 1950 Faransa ba ta je gasar da aka yi a Barazil ba. A 1954 ta je, amma ba a tafi da shi ba. Ta haka wannan gwani ya ƙare rayuwarsa bai buga ko wasa ɗaya a gasar kofin duniya ba.

5. Paris da Madrid

Da yaƙi ya ƙare a 1945, Larbi ya koma Faransa. A wannan karo birnin Paris ya nufa, wajen ƙungiyar Stade Français. Mai koyar da su shi ne Helenio Herrera, wanda shi ma a Kazablanka ya girma. Ƙungiyar tana rukuni na biyu. Cikin shekara ɗaya suka haye rukuni na farko. Mutane suka riƙa cika fili don su ga Baƙin Lu'ulu'u.

A 1948 ƙungiyar Atlético ta birnin Madrid, a ƙasar Sipaniya, ta saye shi da kuɗi masu yawa. Mutanen Paris sun ji zafin tafiyarsa. A Madrid kuwa wasu sun yi gunaguni, suna ganin an sayo tsoho, don ya wuce shekara talatin. Larbi bai yi gardama da kowa ba. A fili ya ba su amsa. Ba da jimawa ba Herrera ya iske shi a Madrid, suka ci gaba da aiki tare. Atlético ta ci gasar Sipaniya a 1950, ta sake ci a 1951. Larbi ya yi mata wasa fiye da 100, ya ci ƙwallo fiye da 50.

A ƙarshen 1953 ya koma Marsai, inda ya fara. Ya tarar da ƙungiyar tana cikin wahala, tana can ƙasa a gasa. Da zuwansa sai ta farfaɗo, har ta kai wasan ƙarshe na kofin Faransa a 1954. A nan ƙungiyar birnin Nis ta ci su 2 da 1.

6. Wasan taimako da wasan bankwana

Ran 9 ga watan Satumba 1954 ƙasa ta girgiza a Aljeriya, a garin da Turawa ke kira Orléansville, wanda yau ake ce wa Shalif. Gidaje suka rushe, mutane fiye da dubu suka mutu. Don a tara wa waɗanda suka tsira kuɗi, sai aka shirya wasa a Paris ran 7 ga watan Oktoba. Ƙungiyar Faransa a gefe ɗaya, zaɓaɓɓun ƴan wasan Afirka ta Arewa a ɗaya gefen, wato ƴan Maroko da Aljeriya da Tunisiya.

Shekara shida ke nan ba a kira Larbi cikin ƙungiyar Faransa ba. Ran nan shi ne dattijon ƴan Afirka, kuma shi ya juya wasan yadda ya ga dama. Afirka ta Arewa ta ci Faransa 3 da 2. Ƴan kallo suka yi ta kiran sunansa, jaridu suka nemi a mayar da shi. Shugabannin ƙungiyar suka yarda.

Bayan kwana tara, ran 16 ga watan Oktoba 1954, Faransa ta je birnin Hanoba ta kara da Jamus ta Yamma, wadda ta ci kofin duniya a wannan shekara. Larbi ya shiga fili da shuɗiyar riga. Kafin a cika rabin sa'a sai ya ji ciwo, ya fita. Faransa ta ci 3 da 1. Wannan shi ne wasansa na ƙarshe da ita. Tsakanin wasan Napoli da na Hanoba akwai shekara 15 da wata 10.

7. Komawa gida

A 1955 ya bar Marsai. Ya ɗan yi wasa a Aljeriya, sannan ya koma ƙasarsa. A 1956 Maroko ta sami ƴancin kai. Yanzu kam tana iya kafa ƙungiyarta, da tutarta, da takenta. Amma ƴancin ya iske Larbi ƙafafunsa sun gaji. Abin da bai samu ya yi da ƙafa ba, sai ya yi da baki da basira. A 1957 shi ne mutum na farko da aka ba aikin koyar da ƙungiyar ƙasar Maroko. Bayan haka ya koyar da wasu ƙungiyoyi a garuruwan ƙasar. Ya kuma je Makka ya sauke farali, aka riƙa kiransa Alhaji Larbi.

Yana raye ya ga Maroko ta je gasar kofin duniya a 1970. Ya ga ta ci kofin Afirka a 1976. Ya ga a 1986 ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta wuce zagayen farko a gasar duniya. Hanyar da ya share, matasa sun bi ta.

8. Ƙarshen rayuwa

Ƴan wasan zamanin Larbi ba su tara dukiya irin ta ƴan wasan yau ba. Da ya tsufa sai abin hannunsa ya ƙare, masu ziyara suka ragu. Sababbin gwanaye suka fito, aka koma zancensu. Mutumin da dubban jama'a suka yi wa tafi a Paris da Madrid ya zauna shi kaɗai a Kazablanka.

Ya rasu ran 16 ga watan Satumba 1992. Babu kowa kusa da shi. Sai bayan ƴan kwanaki aka tarar da gawarsa a ɗakinsa.

A 1998 hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta ba shi babbar lambarta ta girmamawa, shekara shida bayan mutuwarsa. A Kazablanka akwai filin wasa mai ɗauke da sunansa. A 2022, a ƙasar Katar, Maroko ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar kofin duniya. Wadda ta tare mata hanya kuwa ita ce Faransa, ƙasar da Larbi ya yi wa wasa.

Yara, lambar girma abu ne mai kyau, amma ba ta iske Larbi da rai ba. Da a ce wani ya riƙa leƙa shi kowace safiya yana gaishe shi, da bai yi kwanaki a kwance ba wanda ya sani ba. A unguwarku ma akwai tsofaffin da suka yi wa jama'a aiki da ƙuruciyarsu: tsohon malami, tsohuwar ungozoma, tsohon ɗan kokawa, tsohon maƙeri. Ku je ku gaishe su tun suna raye. Ku ɗebo musu ruwa, ku tambaye su labarin zamaninsu.

Mu koyi kalmomi

ƙwallo: le ballon
ɗan wasa: le joueur
ƙungiya: l'équipe
filin wasa: le stade
mai koyar da ƴan wasa: l'entraîneur
takardar haihuwa: l'acte de naissance
girgizar ƙasa: le tremblement de terre
ƴancin kai: l'indépendance

Tambayoyi

1. A wane birni aka haifi Larbi Ben Barek?
2. Me ya sa littattafai ba su daidaita a kan shekarar haihuwarsa ba?
3. Me ya sa ya yi wa Faransa wasa alhali shi ɗan Maroko ne?
4. Faɗi sunayen ƙungiyoyi uku na Turai da ya yi wa wasa.
5. Don me aka shirya wasan 7 ga watan Oktoba 1954? Wa ya ci?
6. Wane aiki aka ba shi a 1957?

Aiki

a) Lissafi: in an haife shi a 1917, shekararsa nawa lokacin wasan Hanoba? In kuma a 1914 ne fa?
b) Taswira: nuna Maroko, Aljeriya, Sipaniya, Faransa da Italiya. Wane teku ne ke tsakanin Afirka ta Arewa da Turai?
c) Rubutu: je ka gai da wani tsoho ko wata tsohuwa a unguwarku. Tambayi aikin da suka yi da ƙuruciya. Rubuta jimla biyar, ka karanta wa ƴan ajinku.