Altiero Spinelli, Mai Neman Gyaran Alkawarin Turai

Idan ƙasashe suka ƙulla alkawarin haɗa kai, ƙulla shi bai kai gyara shi wuya ba, gama ba a taɓa ko baƙi guda a ciki sai kowace gwamnati ta yarda. Mutumin da za mu ba masu karatu labarinsa yau, da wannan ƙulli ya yi ta fama har ya bar duniya.

An haifi Altiero Spinelli a birnin Rum, ƙasar Italiya, cikin 1907. Tun yana saurayi ya shiga jam'iyyar Kwaminis don ya ja da mulkin Mussolini, aka kama shi cikin 1927, bai ko cika shekara ashirin ba. Ya yi shekara goma a kurkuku, sa'an nan shida a tsare cikin tsibirai. A can ne ya ɓata da jam'iyyarsa saboda kisan da Stalin ke yi a Rasha, suka kore shi.

Cikin 1941, ana tsakiyar yaƙin Hitler, shi da abokin tsaronsa Ernesto Rossi suka rubuta wata takarda a tsibirin Ventotene, aka fitar da ita a ɓoye. Abin da ta ƙunsa shi ne, muddin kowace ƙasa ta Turai tana cin gashin kanta, yaƙi ba zai ƙare ba. Magani sai gwamnatin tarayya wadda jama'a suka zaɓa.

Abin da aka samu bayan yaƙi bai kai haka ba. Cikin 1957 ƙasashe shida suka sa hannu a Alkawarin Rum, suka haɗa kasuwa, amma iko ya zauna hannun ministoci, kuma tun daga 1966 al'ada ta zama minista guda yana iya tsai da shawarar sauran duka. Spinelli ya yi aiki a Hukumar Turai a Brussels daga 1970 zuwa 1976, ya ga wannan da idonsa.

Da aka fara zaɓen Majalisar Turai da ƙuri'ar jama'a cikin 1979, ya ci kujera. Cikin Yuli 1980 ya tara wakilai 'yan kaɗan a wani gidan abinci a Strasbourg mai suna Kada, ƙungiyarsu kuwa ta ci sunan gidan. Dabararsa ita ce wakilan jama'a su tsara sabon alkawari da kansu, kada su jira gwamnatoci. Ran 14 ga Fabrairu, 1984, Majalisa ta karɓi tsarin nan: 237 suka yarda, 31 suka ƙi, 43 suka ƙi jefa ƙuri'a. A cikinsa Majalisa za ta yi doka kafaɗa da kafaɗa da ministoci. Babbar magana kuwa, sabon alkawarin zai iya kama aiki in mafi yawan ƙasashen sun yarda, in dai mutanensu sun kai kashi biyu cikin uku na jama'a duka. Watau ƙasa guda ba ta da halin ta riƙe sauran.

Nan fa gwamnatoci suka ja da baya. Mu dai a ganinmu ba son iko kaɗai ya sa su ba, don ƙaramar ƙasa tana da dalilin jin tsoron a yanke mata hukunci ba da yardarta ba. Suka yi nasu taron, suka fito da ɗan gyara cikin Fabrairu 1986, wanda yawancinsa sha'anin kasuwa ne. Spinelli ya kwatanta kansa da tsohon masuncin nan na littafin Hemingway, wanda ya kama ƙaton kifi amma kafin ya kai gaɓa an cinye, sai ƙaya. Ya rasu ran 23 ga Mayu, 1986, aka binne shi a Ventotene.

Bayansa aka riƙa tsintar shawarwarinsa ɗaya ɗaya. Alkawarin Maastricht na 1992 ya kafa Tarayyar Turai ya soma ba Majalisa hannu a yin doka, na Lisbon na 2007 ya ƙara mata. Amma har yanzu ba a gyara alkawarin sai dukan ƙasashen sun yarda, su kuwa yau 27 ne.