Rufaida Al-Aslamiyya: Mai Tantin Jinya A Masallacin Madina

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Rufaida, Allah ya ƙara mata yarda, sahabiya ce daga ƙabilar Aslam, ta rayu a Madina zamanin Manzon Allah (S.A.W). Ibn Ishaƙ ya kawo a littafinsa na Sira cewa tana da tanti a cikin masallacin Annabi, inda take yi wa masu rauni magani. Ya kuma bayyana ta da wata siffa: takan ɗauki nauyin Musulmin da ya rasa mai kula da shi, tana neman lada wajen Allah kawai.

An fi sanin aikinta a Yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, wato 627 Miladiyya. A nan ne kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, shugaban Ausu, ta yanke masa babbar jijiyar hannu. Manzon Allah ya yi umarni a kwantar da shi a tantin Rufaida, domin ya kasance kusa, ya riƙa duba shi. Imam Bukhari ya ruwaito a Adabul Mufrad cewa Annabi yakan biya wajensa safe da yamma, ya tambaye shi yadda ya kwana da yadda ya wuni.

Sa'adu bai tashi ba. Bayan ya yanke hukunci kan Banu Ƙuraiza, raunin ya ɓalle, jini ya zuba, ya cika yana shahidi. Amma wannan bai rage darajar jinyarsa ba, domin waraka a hannun Allah take, kulawa kuwa amana ce a wuyan bawa.

Ga ɗalibai masu koyon aikin jinya, darasin a fili yake. A kwantar da majinyaci inda ido zai kai gare shi, a duba shi a kan lokaci, a tambaye shi da bakinsa, a saurara. Tantin da ya karɓi shugaban ƙabila shi ne ya karɓi wanda ba shi da kowa.

Mu kuma jama'ar masallaci, mu tambayi kanmu: baƙon da ke kwance a asibitin garinmu, ba mai kai masa abinci ko ruwan alwala, wa zai zama Rufaidarsa?

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Amin.