Alhassan Ɗantata, Ɗan Bebeji Da Ya Tashi Cikin Fataucin Tufa

In an ambaci marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, galibin mutane dalar gyaɗa suke tunawa da ita. Amma tun kafin gyaɗa ta zama abin ciniki a Kano, tufa ce jarin gidan da ya fito.

An haife shi a garin Bebeji cikin shekarar 1877. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne daga cikin Agalawa, watau fataken nan da suka shahara da bin hanyar Gwanja. A zamanin nan ƙasar kudancin Kano cike take da masaƙa da marina, kusan kowane babban gari da karofinsa. Mata su kaɗa zare, maza su saƙa sawaye a ɗinke su, a tsoma cikin baba sau da yawa, sa'an nan mabuga su buge da shuni har tufa ta riƙa ƙyalli. Garin Kura, maƙwabcin Bebeji, shi ya yi fice wajen turkuɗi da rawanin da Buzaye ke ji da shi. Baturen nan Barth da ya iso Kano cikin 1851 ya ƙiyasta cewa tufar da ake kaiwa Tambutu kaɗai ta kai kayan raƙuma 300 a shekara. Irin wannan haja, tare da kanwa da fatu, Agalawa ke labta wa jakuna, su komo da goro.

Yana yaro mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa kuma, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta ƙaura zuwa Ankara ta ƙasar Gwalkwas. Wata tsohuwa mai suna Tata ta riƙe shi, daga nan sunan Ɗantata ya bi shi. Yaƙin Basasar Kano da ya ɓarke cikin 1893 ya rutsa da shi, aka kama shi, sai da aka biya fansa kafin ya kuɓuta.

Da ya kama fatauci sosai, bai tsaya kan sawun iyayensa ba. Ya riƙa bi ta Ikko ya shiga jirgin ruwa zuwa Ankara, ya taho da goro da duwatsun wuya da yadin Turawa. A nan fa akwai abin lura. Yadin da shi da takwarorinsa suka shigo da shi ya fi saƙi araha, kuma da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911 ya daɗa malala kasuwannin ƙauye, sannu a hankali ya rage wa masaƙan ƙasarsu ciniki. Ba ko'ina yadin waje ya yi irin wannan ɓarna ba: matan ƙabilar Guna ta ƙasar Fanama da shi suka ƙago adon rigunansu da suke kira mola, suna jera ƙyallaye bisa juna, su yanke na sama don launin na ƙasa ya bayyana. A Kano kuwa marina suka koma rina farin yadin kanti.

Kamfanonin Turawa sun jawo shi cikin sayen gyaɗa, ya zama babban dillalinsu. Cikin 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma 20.

Allah ya yi masa rasuwa ranar Laraba, 17 ga watan Agusta, 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari cikin birnin Kano.