Upton Sinclair, mutumin da ya tona asirin mahautan Shikago

Ranar da likitan dabbobi ya hana a sayar da naman wani bijimin Baba, saboda ya ga alamar tarin fuka a huhunsa, wallahi na yi fushi. Da bashi muka ɗauko shi daga Arewa. Baba dai bai ce uffan ba. Da dare na shiga waya ina neman asalin wannan dubawa, sai na ci karo da sunan Upton Sinclair.

An haife shi a Baltimore ta Amurka a 1878. Mahaifinsa mashayi ne, gidansu talauci ya yi katutu. Da ƙananan labarai da yake rubutawa ya riƙa biyan kuɗin karatu.

A 1904 jaridar Appeal to Reason ta tura shi Shikago, cibiyar yankan dabbobi ta ƙasar. Ya yi mako 7 cikin tsofaffin tufafi yana cuɗanya da leburori, yawancinsu baƙi 'yan ci-rani irin kakanninmu. A Fabrairun 1906 littafinsa The Jungle ya fito. A ciki ya bayyana yadda ake yanka shanu marasa lafiya, a zuba wa ruɓaɓɓen nama magani don ɓoye wari, har a niƙa matattun ɓeraye tare da nama, a kai shaguna.

Cinikin nama ya faɗi warwas. Shugaba Theodore Roosevelt ya aika mutum biyu, suka tabbatar da ƙazantar. Ranar 30 ga Yuni 1906 ya sa hannu a dokar duba dabba kafin yanka da bayan yanka, tare da dokar tsabtar abinci da magani.

Shi kuwa Sinclair bai gamsu ba. Wahalar leburori ya so a gani, jama'a kuma ta cikinsu suka yi. Ya nemi gwamnan Kalifoniya a 1934 ya faɗi, ya samu kyautar Pulitzer a 1943, ya rasu a 1968 yana da shekara 90.

Mu nan Sabo, tun kafa unguwar a 1916 amana ce jarinmu: mahauci ya karɓi saniya bashi, ya biya daga baya. Ashe mai sayen nama a shago ma amanarsa na wuyanmu, ko da bai san sunanmu ba. Kuɗin bijimin nan wata huɗu muka yi muna biya. Yanzu in likita ya ɗaga huhu yana dubawa, ni nake haska masa tocila.