Wilt Chamberlain: Ƙaton da ya yi suna da jifa mai taushi

In kana bin bidiyoyin ƙwallon kwando a TikTok ko Instagram, ka san abin da ya fi tara jama'a: ɗan wasa ya tashi sama ya danna ƙwallo cikin kwando da ƙarfi har ƙarfen ya dinga rawa. Amma akwai wani jifa marar hayaniya da masana wasan ke ji da shi. 'Yan wasa na ce masa finga-rol, wato mirgino ƙwallo daga kan yatsu. Abin mamaki, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara fito da shi duniya ta sani shi ne mutumin da ya fi kowa ƙarfi a fili a zamaninsa, wato Wilt Chamberlain.

An haifi Wilt ranar 21 ga Agusta, 1936, a birnin Philadelphia na Amurka. Tun yana makarantar sakandare ta Overbrook ya kere sa'o'insa tsawo, har ya kai ƙafa 7 da inci 1, kimanin mita 2.16. Abokansa suka laƙaba masa suna Dipper saboda sai ya sunkuyar da kai kafin ya shiga ƙofa. Wannan sunan yana sonsa. Wanda ya tsana shi ne na 'yan jarida, da suka kwatanta shi da dogayen sandunan da masu wasa ke hawa su yi tafiya. Tun daga nan za ka gane inda ke masa ciwo: ba ya so a ce tsawo kawai gare shi. Kuma yana da hujja, domin ɗan tsere ne, gwani ne kuma a tsallen sama, har ya wakilci Jami'ar Kansas a wasannin guje-guje da tsalle-tsalle.

A Kansas ɗin ne ya fara ɗanɗana abin da zai bi shi tsawon rayuwa. A 1957 ya kai jami'ar wasan ƙarshe na gasar jami'o'in Amurka, amma North Carolina ta doke su da 54 da 53 bayan an yi ƙarin lokaci har sau uku. Shi aka zaɓa gwarzon gasar, kofi kuwa ya tafi wani gida. Daga baya ya bar jami'a ya yi shekara guda da Harlem Globetrotters, ƙungiyar nan mai haɗa ƙwallo da barkwanci da wasa da hannu, har ya je Mosko da su a 1959. A shekarar ne ya shiga gasar NBA da ƙungiyar garinsu, Philadelphia Warriors, kuma a kakarsa ta farko ya lashe kyautar sabon ɗan wasa da ta gwarzon gasar gaba ɗaya.

To yaya jifan nasa yake? Wilt zai ba kwando baya, a miƙo masa ƙwallo, sai ya juyo ya miƙa dogon hannunsa, tafin hannu na kallon sama, ƙwallo na zaune a kai kamar mai miƙa wa baƙo ƙwaryar fura. Daga nan sai ya ɗan karya wuyan hannu, ƙwallo ta gangaro ta kan yatsu ta faɗa kwando. Sirrin yana cikin yatsun. Su ne na ƙarshe da ke taɓa ƙwallon, su ke ba ta 'yar juyawa da taushi, ta yadda ko ta taɓa bakin ƙarfen ba za ta yi tsalle ta fice ba, sai ta lallaɓa ta shige. Mai tsaro kuma yana shan wahala, saboda ƙwallon na barin hannu ne a can ƙarshen miƙewa, inda hannunsa ba ya kaiwa. Sai dai jifa ne mai son atisaye. Ka ƙara ƙarfi kaɗan ta wuce, ka rage kaɗan ta daki bakin ƙarfe ta dawo.

Kada ka ɗauka ba ya danna ƙwallo fa. Yana yi, kuma in ya tashi ba mai tsayawa a gabansa. Amma sau da yawa sai ya zaɓi mirginowa, ko ya ja da baya yana jifa ƙwallo ta daki allo ta shiga. Masu sukarsa na ganin asara ce: mai irin wannan ƙarfi me ya kai shi wasan lallami? Shi kuwa so yake a shaida cewa ya iya, ba jiki kaɗai ke yi masa aiki ba.

Alƙaluman da ya bari sai ka ɗauka ƙarya ce. A kakar 1961 zuwa 1962, in aka raba, maki 50.4 yake ci a kowane wasa. Ranar 2 ga Maris, 1962, a garin Hershey na jihar Pennsylvania, ya ci maki 100 shi kaɗai, Warriors ta doke New York Knicks da 169 da 147. Ba a haska wasan a talabijin ba, 'yan kallo 4,124 ne kacal a wurin. Abin da ya rage wa duniya shi ne sautin rediyo na ƙarshen wasan, da hoton nan da yake zaune riƙe da farar takarda an rubuta 100. Ka duba, Kobe Bryant da duk zafinsa 81 ya ci a 2006. A 1960 kuma Wilt ya cafke ƙwallon da ta kuskure kwando sau 55 a wasa ɗaya, a gaban Bill Russell na Boston Celtics. Har doka aka sauya saboda shi: a 1964 NBA ta faɗaɗa filin da ke gindin kwando daga ƙafa 12 zuwa 16 don a nisanta shi da kwandon.

Duk da haka baki bai bar shi ba. Russell ya ɗauki kofi 11, kuma cikin karo takwas da ƙungiyoyinsu suka haɗu a zagayen fitar da gwani, Boston ta yi nasara sau bakwai. Sai aka dinga cewa Wilt ɗan son kai ne, maki yake nema ba kofi ba. Ga kuma wani rauni da ya zame masa abin tsokana: jifan da ake ba wanda aka yi wa ƙeta, ba mai tare shi, kusan rabi yake zubarwa. A kakar da ya ci maki 100 ya koma jefa shi daga ƙasa da hannu biyu, kuma a daren ya ci 28 cikin 32. Daga baya ya watsar da salon saboda yana ganin yana sa shi ya zama abin dariya. Son a ga ya iya, wanda ya ba shi finga-rol, shi ne kuma ya cuce shi a nan.

Amsar da ya ba masu suka a fili ya ba da ita. A 1967, da ƙungiyar Philadelphia 76ers, ya rage jifa ya koma raba ƙwallo da tsaron gida. Suka ci wasa 68 cikin 81, suka fitar da Boston, suka ɗauki kofi. A kaka ta gaba shi ya fi kowa a gasar yawan miƙa wa abokan wasa ƙwallon da suka ci. A 1972, yana Los Angeles Lakers, suka ci wasa 33 a jere, suka ɗauki kofi, aka zaɓe shi gwarzon wasannin ƙarshe. Ya yi ritaya a 1973 da maki 31,419. Cikin wasa 1,045 da ya buga, ba a taɓa fitar da shi ba saboda cikar adadin ƙeta, duk da irin duka da riƙon da yake sha.

Bayan ritaya ya koma ƙwallon raga, wasan da ya ƙaunata sosai. Ya rasu ranar 12 ga Oktoba, 1999, a gidansa da ke Bel Air a Los Angeles, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 63.

Jifan bai bi shi kabari ba. George Gervin na San Antonio Spurs ya ɗauke shi ya ƙara masa nisa, yana sakin ƙwallo tun bai iso gindin kwando ba, ya kuma zama zakaran cin maki na NBA sau huɗu. A yau ma masu matsakaicin tsawo ne suka fi morar sa, domin da shi suke tsallake hannun ƙattin da ke gadin kwando. Saboda haka in ka shiga fili, tsawonka bai kai ka danna ba, kada ka damu. Buɗe tafin hannu, miƙa shi iya miƙewa, ka bar yatsu su ƙarasa aikin. Wanda ya ci maki 100 ma da haka ya ci da yawa daga cikin nasa.