Marigayi Tafawa Ɓalewa A Majalisa

An haifi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa a Lardin Bauci cikin 1912. Malamin makaranta ne kafin ya shiga Majalisar Wakilai ta Jihar Arewa.

Cikin watan Agusta 1950 ya miƙe a Kaduna ya kawo shawarar a gyara mulkin En'e, sarki ya daina yanke hukunci shi kaɗai, talakawa su sami bakin magana. Ba ƙaramar kasada ba ce, gama abincinsa yana hannun waɗanda ya taɓa. Sarakuna da dama suka fusata, amma majalisa ta yarda. Aka yi bincike, har aka kafa dokar En'e ta 1954.

Ya zama Firayim Minista cikin 1957, aka kashe shi a juyin mulkin Janairu 1966.